Bugun da Na Ji a Cikin Hadiza

Duk shekara sai an turo mana 'yan mata daga makarantar koyon aikin lafiya. Su zo ƙaramin asibitin ƙauyenmu da fararen kaya da wayoyi a hannu, a ce su zauna da mu ungozomomi su ga yadda muke yi. Ranar farko ku gaishe ni da ladabi har ƙasa, rana ta biyu kuma in ji ɗayarku tana raɗa wa 'yar'uwarta wai aikin Gwaggo Talatu ba wani abu ba ne, shafa ciki ne da ɗora ƙaho. Ina jinku sarai, kunnena bai mutu ba. Da kunnen nan na ci abinci shekara arba'in da ɗoriya tsakanin Gazara da Makarfi, kuma da shi na yi kuskuren da ya kusa kai mace kabari. Tunda shafa ciki ne kawai, ku ajiye wayoyin ku matso.

Cikin farko da aka bar ni na taɓa na matar wani mai dafa mazarƙwaila ne. A lokacin na yi shekara uku ina bin Inna Asabe, ƙanwar mahaifiyata, wadda ita ce ungozomar yankinmu. Shekara ukun nan ban wuce ɗaukar kwando da dafa zare da wanke tsummoki ba. Ranar da ta ce in matso, sai na kai hannu cikin matar. Kafin in taɓa na ji ludayi a bayan hannuna.

"Wa ya ce ki taɓa cikin? Kin duba idonta?"

Ta jawo fatar idon matar ta ƙasa da babban yatsa, ta ce in leƙa. Ja ne sosai. Ta juya tafin hannunta, ta matsa farcenta ta saki, jini ya dawo nan take. Sannan ta ce to, yanzu in taɓa. Haka take yi wa kowace mace, ko 'yar sarki ce, ko naƙuda ta riga ta kankama. Na sha ludayin nan har sai da hannuna ya koyi zuwa ido da kansa.

Bayan Inna ta rasu aka kira mu horo a hedikwatar ƙaramar hukuma, aka ba kowa akwati. A ciki akwai sabbin rezoji da zare da sabulu da safar hannu, sai ƙahon sauraren ciki, na ƙarfe mara nauyi, mai kama da mazurari. Wata nas mai faɗa ce ta koya mana shi. Ta ce ka ɗora bakin a kan ciki, ka manna kunne, sannan da ɗaya hannun ka riƙe wuyan hannun uwar. Zuciyar ɗa sauri take yi, ta uwa kuma a hankali. In abin da kunnenka ke ji yana tafiya tare da abin da yatsanka ke ji, to ba ɗa kake ji ba, uwar kake ji. Na dawo gida da ƙahon nan ina ji da kaina. Mata suka riƙa zuwa daga ƙauyukan Kudan don kawai a ɗora musu shi.

Su kuwa masu zuwa, kowa da irin tata. Mai cikin fari ba za ta taɓa ce miki ciki gare ta ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce ciwon kai ne, alhali zane ya ƙi ɗauruwa. Wata kuma ta zo da surukarta, surukar ta riga ta yanke wata nawa ne, har da namiji ne, ke kawai ana so ki sa hannu. Waɗannan su suka fi haɗari, domin in kika yi shekaru ana yabon hannunki, sai ki fara faɗa wa mutane abin da suka zo ji.

Hadiza haka ta zo, da surukarta Iya Mairo a gaba. Matar Sani ce, wani manomin rake da tumatir a unguwar da ke bayan rafi. 'Yarta ɗaya, Rabi, tana da shekara goma sha ɗaya, kuma tun daga ita ko ɓatan wata ba ta sake yi ba. Ranar nan suka shigo da fara'a, Iya Mairo tana cewa, "Talatu, Allah ya amsa. Duba mana ki gani."

Na kwantar da ita a tabarma. Mararta ta taso, ga tauri, kamar cikin wata huɗu zuwa biyar. Na tambaye ta al'ada, ta ce tana gani, har ma ya fi da yawa. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni. Amma Iya Mairo tana ta zuba addu'a a kaina, Hadiza kuma ta kafe ni da ido tana jira. Na ɗauko ƙaho na ɗora, sai na ji bugu, da sauri, tas tas tas. Ban riƙe wuyan hannunta ba. Ban jawo idonta ba. Na ɗago na ce, "Ciki ne."

Iya Mairo ta rangaɗa guɗa a tsakar gidana.

Wata tara ya wuce babu naƙuda. A wajenmu kun san an yarda ciki yana iya kwanciya, ya yi shekara biyu ko fiye bai fita ba, sai ranar da Allah ya tashe shi. Inna Asabe ta yarda da haka, ni ma na tashi na tarar da shi. Don haka da suka dawo na sake ɗora ƙaho, na sake jin bugun, na ce cikin ya kwanta, a yi haƙuri. Jinin da take zubarwa kuma na ce kwantaccen ciki yakan yi haka. Da watan azumi ya zo ta tambaye ni, na ce mai ciki tana da uzuri, ta sha, ta rama in ta haihu. Ta sha na shekarar duka. Shekara ta zagayo, ciki ya ƙara girma, ta sake tambaya, na sake cewa ta sha.

Wani ƙanen Sani da ke tuƙin mota zuwa Zariya ne ya gaji da ganinta tana haki daga ɗaki zuwa madafa. Ya sa ta a mota ya kai ta babban asibiti, aka yi mata hoton ciki. Babu ɗa, kuma ba a taɓa yi ba. Ƙari ne ya tsiro a jikin mahaifa, wani dunƙulallen nama mai tauri, shi ke sa ta zubar jini. Likita ya ce sai an yi tiyata, amma ba yanzu ba, don jininta ya yi ƙasa ƙwarai, in aka sa wuƙa ba lallai ta tashi ba. Ya ba ta jajayen ƙwayoyin nan na jini, ya ce ta je ta ci hanta da wake da zogale da alayyahu, ta dawo bayan sati shida.

Labarin ya riga su isowa gida. Kwana uku ban fita ƙofa ba don kunya.

To ga inda abin ya ɓaci. Hadiza mace ce mai tsoron Allah. Ta zauna ta yi tunani, ta ga ashe azumin shekara biyu ta sha babu ciki. Kusan kwana sittin ke nan, ga shi watan Rajab ya kama, saura wata biyu wani azumin ya riske ta. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta kunna mata wani sauti da ake turawa waya zuwa waya. Wani mutum ne mai daɗin baki yake cewa ƙarin mahaifa abinci yake ci, in aka hana shi sai ya narke. Wai a bar nama da ƙwai da mai da nono, a lazimci azumi, a buɗe baki da ruwan lemon tsami da citta. Hadiza tana tsoron tiyata, don ta ji ana cire wa mata mahaifa, ita kuwa har lokacin tana sa ran haihuwa. Sai ta ga ga hanya ɗaya da za ta rama azuminta kuma ta tsira daga wuƙa. Ta fara ranar ɗaya ga wata, kullum, babu hutu. Ƙwayoyin likita ta tura su ƙarƙashin katifa, wai suna ciyar da ƙarin. Ko jinin bai hana ta ba, don an gaya mata in ya wuce kwanakin da ta saba, na ciwo ne, ana azumi da shi.

Ku gaya mini, a ƙauye wa zai buɗe baki ya ce wa mace ta daina azumi? Kowa yabonta yake yi. Mata suna cewa Hadiza ta zama waliyyiya. Da fuskarta ta yi fari sai suka ce hasken ibada ne.

Rana ta ashirin da fara azumin na cije na je. Na same ta a zaune ta jingina da bango, sahur ɗinta koko ne tsararo babu ko sukari. Na gaishe ta, ta amsa ba tare da ta dube ni ba. Na ce, "Hadiza, likita ci ya ce ki yi. Mara lafiya yana da uzuri, ki bari sai kin warke."

Sai ta ɗago. "Gwaggo, ke kika ce ciki ne. Ke kika ce in sha azumi, na sha har sau biyu. Yau kuma ki zo ki ce kada in rama? In na mutu da su a wuyana, ke za ki tsaya mini a gaban Allah?"

Na tashi na fita. Na je wajen Sani a zaure, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ni ba zan iya shiga tsakaninta da Ubangijinta ba." Iya Mairo kuwa ko tabarma ba ta ba ni ba. Ta ce in bar musu gida haka nan, abin da na yi ya isa. Na tafi, amma kullum ina ƙirga kwanakin da yatsa, kuma tsoro nake ji.

Rana ta talatin da huɗu, ana cikin zafin bazarar nan da ƙasa ke ƙona ƙafa, bayan azahar Rabi ta shigo gidana a guje babu ko mayafi. Ta ce innarta ta faɗi a wajen shanyar tumatir. Na suri akwatina na bi ta.

Na tarar an ja ta inuwar rumbu. Zanenta ya jiƙe har tabarma, jini gudaji gudaji. Leɓenta ya bushe ya tsage, goshinta kuma da gumi mai sanyi. Wannan karon hannuna ido ya fara zuwa. Na jawo fatar, fari fat kamar tuwon shinkafa. Na matsa farcenta, da matsawa da sakin duk ɗaya. Na tura tsumma mai tsabta na danne, na ɗaga ƙafafunta a kan turmi, na ce a kawo ruwa da ɗan gishiri da sukari, a kuma nemo mota yanzu.

Rabi ta kawo kofin. Hadiza ta kau da kai ta datse haƙora.

"Saura kaɗan," ta ce, da ƙyar ake jinta. "La'asar ta kusa. In na buɗe baki sai mu tafi."

Iya Mairo ta ce, "A bar ta ta kai, ai ta sha wuyar. Awa nawa ya rage?"

Sani yana tsaye a bakin ƙofa yana murza hula, ya kasa shigowa ya kasa fita. Ni kuwa na san abin da nake gani. Matar nan ba za ta ga magariba ba. Kuma na san ko rantsuwa na yi da Alƙur'ani babu mai yarda da ni a gidan nan, don bakina ne ya kawo su nan.

Sai na buɗe akwati na ciro ƙahon. Na ɗora shi a kan mararta, daidai inda na ɗora fiye da shekara biyu da suka wuce. Na ce, "Yaya Mairo, zo ki sa kunne."

"Ke, Talatu, wasa ne wannan?"

"Don girman Allah ki zo."

Ta durƙusa da ƙyar ta manna kunnenta. Na ga idonta ya buɗe. "Ga shi nan kuwa. Yana bugawa."

Na kamo hannunta na ɗora yatsunta a wuyan hannun Hadiza, na danna. Na ce, "To ki ji nan ma. Tare suke tafiya ko dabam?"

Ta sake manna kunne tana saurare. Can ta ce, "Tare."

Na ce, "Wannan shi ne abin da na ji na ce muku ɗa ne. Ba ɗa ba ne, zuciyarta ce. Jini ya yi mata kaɗan, shi ya sa take gudu haka kamar ta jariri. Tun ranar da kika kawo mini ita take wannan gudun, ni kuma na ƙi riƙe hannunta in gane. An koya mini, ban yi ba. Laifina ne, ba nata ba, ba na kowa ba. Amma yanzu ki ji yadda take yi a ƙarƙashin yatsanki. In ta gaji za ta tsaya, kuma ba za ta jira ladan ba."

Duk matan da suka taru a tsakar gidan sun ji ni. Na san daga ranar sunana ya zube a unguwar, kuma ban damu ba.

Iya Mairo ba ta cire yatsunta ba. Ta juya ta daka wa ɗanta tsawa, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba. "Kai! Tsayuwar me kake yi? Kira mini liman, ka kira ƙanenka ya kawo mota!"

Masallacin yana nan kusa. Liman ya zo ya tsaya a bayan zana, don ba zai shiga cikin mata ba. Na faɗa masa abin da ke nan a taƙaice. Bai ja magana ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Hadiza, kina jina? Wanda ya wajabta azumi shi ya ɗauke wa mara lafiya. Waɗanda kika sha a baya ba ki sha su da gangan ba, ciwo ne a jikinki tun lokacin. Za ki rama in kin warke, ko shekara nawa ne. Amma ki kashe kanki da ƙishirwa, wannan ba a yarda miki ba. Ki sha ruwa."

Ba ta motsa ba. Iya Mairo ta karɓi kofin daga hannun Rabi, ta tallafo kanta ta ɗora a cinyarta. Ta ce, "'Yar nan, ni na fara cewa ciki ne, tun kafin Talatu. Sha, don Allah. Rabi tana kallonki."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido. Ta buɗe baki.

A mota ni na riƙe tsumman tun daga ƙauye har Zariya, ɗaya hannuna a wuyan hannunta. Sau biyu bugun ya ɓace mini kafin mu wuce Hunƙuyi, sau biyu ya dawo. A asibiti suka karɓe ta da gudu. Sani da ƙanensa da wani abokinsu suka ba da jini, leda uku, washegari aka ƙara ɗaya. Sai da ta yi sati biyu tana cin hanta da miyar zogale a gadon asibiti kafin su yarda su shiga da ita.

Ta tashi. Amma abin da suka ciro ya kai ƙaramar kabewa, kuma ya cinye wurin, dole suka haɗa da mahaifar. Na tari wata nas a baranda na tambaye ta, da an zo tun yana ƙarami fa? Ta dube ni ta ce Allah ne masani, amma da yawa akan cire ƙarin a bar mahaifa. Ba ta san ni ce na ce musu ciki ne ba. Na yi mata godiya na nemi wuri na zauna.

Hadiza ta rama azuminta bayan shekara guda, a lokacin sanyi, Litinin da Alhamis, har ta gama. Ni kuma mata suka ɗauke ƙafa daga gidana kusan shekara biyu, sai waɗanda naƙuda ta kama babu yadda za su yi. Tun daga nan duk macen da ta zo mini da ciki mai tauri tana ganin al'ada, ba na cewa komai sai ta je an yi hoto. Kalmar kwantaccen ciki kuwa ba ta sake fita daga bakina ba. In suka tambaye ni abinci, ina gaya musu abin da na gani da idona. Ganye da wake da hanta suna riƙe jini, kuma jinin nan shi zai kai mace gadon tiyata ya dawo da ita. Amma ban taɓa ganin ƙarin da yunwa ta narkar ba, matar dai na ga ta narke.

Shekaru muna haɗuwa da Hadiza a wajen suna ko gaisuwar mutuwa. Takan gaishe ni kamar yadda ake gaishe da babba, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Ban taɓa sa ran fiye da haka ba.

Bara da damina ina zaune ina tsince wake, sai na ji sallama. Hadiza ce, da Rabi a bayanta. Rabi ta gama makaranta ta yi aure a Paki, ta zo gida goyon ciki, tana ta jan hijabi tana rufewa. Bayan gaisuwa Hadiza ta ce sun je an yi hoto, komai lafiya, amma tana so in duba mata ita.

Na shimfiɗa tabarma. Na jawo idon yarinyar, ja ne. Na matsa farce, ya dawo. Na shafa cikin, ga kai a ƙasa, ga baya a hagu. Na ɗauko tsohon ƙahona na ɗora, na sunkuya. Kafin in miƙa ɗaya hannun, sai na ji an kama shi. Hadiza ce. Ta ɗauki hannun 'yarta ta sa a cikin nawa, ta danna yatsuna a kan jijiyar da kanta.

"Riƙe, Gwaggo," ta ce. "Guda nawa kike ji?"

Na saurara sosai, fiye da yadda ake buƙata. Ɗaya a yatsana, a hankali. Ɗaya a kunnena, da sauri.

Na ce, "Biyu ne."

Ba ta saki hannuna ba sai da na sake faɗa.